Shingen Yamma na Tungar Sauƙi

Tungar Sauƙi, kusa da Sheme,
19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga uwar ɗakina Lidiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya kuma bayin Allah da kike koyon allura a jikinsu? Allah ya ba su haƙurin hannunki. Mu nan lafiya lau. Mansura matata na gaishe ki, Inna ma haka, ta ce ɗiyar wanta ta manta da ita tun da ta shiga birni.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Tun da aka yanke layin waya a yankinmu, wayata ta koma tocila. Zailani direba ne zai riƙa kawo maki saƙo Zariya, shi ma sai ranar da ya samu mai.

Tunga tana nan tana tafiya. Ke da kika yi mani dariya lokacin da na dawo daga karatun aikin gona na ce zan tada mataccen filin kakanninmu, sai ki zo ki gani. Gidaje sun haura ashirin, wasu daga ƙauyukan Yargoje, wasu daga wajen Sabuwa, duk waɗanda 'yan bindiga suka raba da garuruwansu. Ba mai ƙona kara, komi taki muke mai da shi. Ruwan rufi yana shiga tanki. Yara na karatu a rumfa. Matan da suka dawo daga hannun mutanen daji suna da tasu rumfar, suna tsinkar zogale, wadda ta ga dama ta yi magana, wadda ba ta so a ƙyale ta. In shawara ta taso mu shimfiɗa tabarmi, kowane gida ya faɗi bakinshi, mai masallaci da mai coci da wanda bai zuwa ko ɗaya, irin Kawu.

Shi Kawun, babanki, yana nan da sauƙi. Yana cin abinci, yana koya ma yara tufkar igiyar rama. Barci ne dai har yanzu bai samu sosai ba. Ɗakin da ya fi kowane sanyi na ba shi, na ƙarshe ta yamma, wanda ke cikin inuwar shinge.

Shingen nan ne ma ya sa na ɗauki biro. Kin san shi, layin bedi, wato dogon yaro, da zogale da na dasa ta ɓangaren da ke kallon daji, don ya tare iska ya riƙe ƙasa. Damina uku ke nan. Da rani a kan jaki na riƙa kai masu ruwa har kafaɗata ta saɓule. Yanzu sun fi ɗaki tsawo, in kin tsaya a tsakar Tunga ba abin da za ki hango ta yamma sai kore. To wani ya sa su gaba. Duk bayan kwana biyu sai mu tashi mu tarar an sare biyu ko uku. Abin da ya fi ɗaure mani kai, ba a ɗauka. Da ɓarawon itace ne da na gane. Wannan sarewa yake ya bar su kwance, kuma wuri guda yake bi, har ya fara buɗe kafa.

Ba zan ɓoye maki ba, raina ya ɓaci. Ranar da na kama mai wannan aiki, ko ɗan wane ne, sai ya yi bayani a gaban kowa.

Ki aiko ma Kawu man zafin nan na baya.

Bawanki ɗan mace,
Mas'udu

*

Zariya,
25 ga Satumba, 2021

Bawana Mas'udu,

Na ga takardarka, na kuma gode. Ina lafiya, kuma har yau ba wanda ya mutu a hannuna, sai ka nemi wani abin tsokanar. Ka gaishe da Gwaggo da Mansura. Ga man zafin nan na ba Zailani.

Yanzu ka aje wasa, ka karanta wannan kai kaɗai.

Tun da na kai wurin maganar shinge nake jin na san mai sara. Baba ne.

Ka tuna yadda 'yan bindiga suka ɗauke shi. Dawarshi ce ta bayan gida, wadda ta yi tsawo har ta rufe danga. Daga cikinta suka fito, bai gan su ba sai da suka dafa shi. Da aka tsinto shi a bakin daji ya zauna wurina wata guda kafin ka zo ka tafi da shi. Ranar farko ya cire labulen ɗakina ya ninke. Na mayar, ya sake cirewa. A bakin ƙofa yake kwana, ƙofar kuma a buɗe. Akwai wasu furanni da mai gidan hayarmu ya yi shinge da su, wata safiya na fito na tarar Baba ya aske su tas da wuƙar girkina. Da na yi mashi faɗa sai ya ce, "Lidiya, in ban ga nesa ba, numfashi ba ya shiga."

Na ɗauka sararin ƙauye zai raba shi da wannan. Ban san itatuwanka sun yi girman da kake faɗa ba.

Don Allah kada maganar nan ta fita daga bakinka. Ka san yadda mutane suke yanzu, ƙaramin abu sai a ce mutum infoma ne. Ka sauya mashi ɗaki, ka mai da shi gabas inda ke kallon fili. Ka karɓe addarshi cikin dabara, ka ce aro kake. Na san ciwon da kake ji a kan itatuwan nan, ni ma na ga kafaɗar taka. Amma ka yi haƙuri da shi, ba da mugunta yake yi ba.

Uwar ɗakinka,
Lidiya

*

Tungar Sauƙi,
3 ga Oktoba, 2021

Lidiya,

Ina fatan kina lafiya. Ban ga amsarki ba, an ce motar Zailani ta lalace a Funtuwa. Wannan ta hannun Sha'ibu mai kai masara zan aiko. Jikin kowa lafiya, amma hankali ba kwance yake ba.

Da saran ya ƙi ƙarewa, sai na je wurin Gide, shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, waɗanda ke zagaya mana gefen daji. Na roƙe shi su sa ido. Jiya da asuba suka kama mai yi, da adda a hannu, ya kai rabin wani bedi.

Kawu ne, Lidiya.

Ni na so a tsaya a kan maganar itace. Gide bai ga itace ba. Ya jawo ni har bakin kafar ya ce, "Malam Mas'udu, duba da kyau. Babur biyu na wucewa nan a jere. Wanga tsoho hanya yake buɗe masu. Kowa aka ɗauka sai an sai da gona an fanso shi, shi ko an sako shi hakanan. Mi ya ba su?" Na ce rashin lafiya ce ta sa suka yar da shi, sun ɗauka ya mutu. Ya ce haka kowane infoma ke faɗi. Nan take suka so tafiya da shi, wai za su yi mashi tambayoyi. Ke ma kin san waɗanda aka tafi yi ma tambayoyin nan, ba mu cika ganin dawowarsu ba.

Malam Yahuza limaminmu ne ya sha gabansu. Ya ce baƙonmu ne, kuma a Tunga ba a yanke magana sai an shimfiɗa tabarma. Da ƙyar Gide ya yarda ya ba mu zuwa Juma'a da safe. Ya ce ranar ko mu miƙa shi, ko su shigo su ɗauka.

Mutanenmu ma sun rabu. Wasu na cewa ba za su kwana gari ɗaya da shi ba. Don kada wani ya taɓa shi, na sa shi a ɗakin ajiyar iri, mai ƙofar ƙarfen nan. Ba taga, ba ta inda za a kai gare shi, makulli kuma yana aljihuna. Mansura ke miƙa mashi abinci. Da farko ya yi ta bugun ƙofa, amma yanzu ya kwantar da hankalinshi, ko motsinshi ba a ji.

Na tambaye shi dalili kafin in rufe. Abin da kawai ya ce shi ne, "Ba ni ganin komi, Masa'udu." Ban gane ba, kuma gaskiya ina cikin fushi, ban tsaya neman ganewa ba. Mutumin da na ɗauko da hannuna, na ba shi ɗakin da ya fi nawa.

Ki gaya mani tsakaninki da Allah. Lokacin da yake wurinki, akwai wanda yake kira a waya? Akwai baƙon da ya taɓa zuwa nemanshi? Ban yarda da maganar Gide ba, amma ba ni da abin da zan tare ta da shi ranar Juma'a.

Mas'udu

*

Zariya,
5 ga Oktoba, 2021

Mas'udu,

Ka buɗe ƙofar nan. Kafin ka ƙarasa karanta takardar nan ka tashi ka buɗe ta.

Ba hankali ya kwantar ba. Shirun nan na san shi, da shi aka kawo mani shi daga daji. A cikin wani rami suka aje shi, suka rufe bakin da rassa, sai in za a ba shi ruwa yake ganin haske. Shi ne ka ɗauka ka sa a ɗaki marar taga, ka kulle, ka zuba makulli aljihu, har kana gaya mani kamar ka yi abin kirki. Na san don ka tsare shi ka yi. Ban san ko in gode maka ba ko in tsine maka.

Na rubuto maka tun ranar ashirin da biyar ga wata cewa shi ne, na faɗa maka dalili, na roƙe ka kada ka gaya ma kowa. Takardar tana can cikin motar Zailani. Yau na aika a karɓo ta, za su zo maka tare.

Kana tambayata ko yana da wanda yake kira. Baba ko lambar wayata bai riƙe ba. Baƙon da ya taɓa zuwa nemanshi kai ne.

Na je tasha da rana, an ce ba motar da za ta wuce Funtuwa sai an ga yadda hanya ta kwana. Na nemi izini a makaranta, gobe zan sake gwadawa. In ban iso ba kafin Juma'a, ga abin da nake so ka yi.

Kada ka tsaya gardama da Gide a kan Baba shi kaɗai, ba za ka ci ba. Ka shimfiɗa tabarmar taku ka yi ma mutanenka tambayar da ba ka taɓa yi masu ba. Ka ce, wa ke iya barci a ɗakunan yamma? Ka gina wuri don mutane su warke, ka ba su ruwa da taki da makaranta, ban raina ba. Amma shingen nan kai ka so shi, kuma da ka dasa shi ba wanda ya isa ya ce ma mai fili a'a. Kai in ka dube shi inuwa kake gani. Wanda aka fito ma daga cikin dawa maɓoya yake gani. Ban yarda Baba kaɗai ne ba, shi dai ne ya tsufa har ya daina jin kunyar kowa.

In suka tafi da shi, Mas'udu, ba ni da kowa. Ka san wannan.

Lidiya

*

Zariya,
11 ga Oktoba, 2021

Mas'udu,

Juma'a ta wuce, yau Litinin, ban ji komi ba.

Na isa Funtuwa ranar Alhamis, aka ce an tare hanya a gaba, duk motoci suka juyo. Na kwana a tasha, na sake gwadawa, aka sake juyo da mu. Sha'ibu ya rantse mani takarduna sun shiga hannun wani mai babur da ya san Tunga. Ban san ko sun iso ba.

A tasha na ji wasu na cewa an kashe wani tsoho a wajen Sheme. Na tambayi sunanshi, ba wanda ya sani. Na tambayi ƙauyen, kowa da abin da yake faɗi.

Ban iya cin abinci, ban iya shiga aji. Ko layi ɗaya ne ka rubuto. In ma abin ya faru, ka faɗa mani kai tsaye, kada ka aiko Gwaggo ta zo tana zagaye-zagaye.

Lidiya

*

Tungar Sauƙi,
13 ga Oktoba, 2021

Lidiya,

Kawu yana raye, yana nan tare da mu. Tsohon da kika ji labari wani bawan Allah ne daga wani ƙauye, Allah ya jiƙanshi. Na so in aiko tun ranar Asabar, ba a samu mai fita ba.

Takardunki biyu sun iso ranar Alhamis da la'asar. A tsaye na karanta su, ban ƙarasa ta biyun ba na ruga. Da na buɗe ƙofar, yana durƙushe a kusurwa. Kwanonin da Mansura ke miƙawa suna jere, bai taɓa ko ɗaya ba sai ruwa. Ya ɗauki cokali ya yi ta ƙwaƙular bangon yamma har ya huda 'yar kafa wadda yatsa zai shiga, ya manna idonshi a wurin. Ko da haske ya shigo bai juyo ba. Ni na ɗauko shi na fito da shi, ba nauyi ko kaɗan. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Kafin magariba na sa aka shimfiɗa tabarmi. Na yi tambayar kamar yadda kika ce. Mutane suka riƙa duban juna, har na fara tunanin kin yi kuskure. Sai Suwaibatu ta yi gyaran murya. Ba ki san ta ba, 'yar wajen Sabuwa ce, ta yi wata huɗu a hannunsu, kuma tun zuwanta ban taɓa jin ta yi magana a taro ba. Ta ce, "Malam, ni tun da Baba ya buɗe wurin nan nike samun barci. Kullum da safe sai na leƙa in ga ko ya ƙara." Hajaratu, ɗaya daga cikin matan rumfar zogale, ta ce ita ta daɗe da mai da shimfiɗarta ɗakin girki. Wani magidanci, ba zan faɗi sunanshi ba, ya sunkuyar da kai ya ce in iska ta kaɗa bedin nan har fitsari yake saki. Na ce to me ya hana ku faɗa mani? Hajaratu ta ce, "Mun ga yadda kake son su."

Ba kowa ya yarda ba. Gida biyu sun ce su dai ba su amince da Kawu ba, kuma sun tashi ranar Asabar. Sauran muka yanke shawara.

Juma'a da sassafe Gide ya iso da mutanenshi. Ya tarar da Tunga duka a bakin shinge, maza da mata, kowa da abin sara. Malam Yahuza ya naɗe hannun riga yana riƙe da gatari. Ni na fara. Na zaɓi bedin da na fara dasawa, wanda ya fi kowane kauri, don in ban fara da shi ba na san ba zan iya ba. Ina sara ina hawaye, ban kuma ɓoye ba.

Gide ya tsaya yana kallo, can ya ce, "Ina mai saran?" Malam Yahuza ya ce, "Ga mu nan. Ka zaɓi wanda za ka fara ɗauka." Gide ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ya ce tunda mun zaɓi mu kwana tsirara, su sun cire hannunsu, kada mu sake nemansu in wani abu ya taso. Suka hau baburansu.

Don haka kada ki ɗauka lafiya ta samu. Yanzu ba shinge, ba masu zagaya mana. Mun raba tsaro a tsakaninmu, muna kuma neman wanda zai sasanta mu da Gide. Iskar farko da ta taso ta kwashe rufin rumfar yara. Ta yamma kuwa, har bakin daji ana hangowa, akuya ta gitta sai an gan ta. Ni abin tsoro yake ba ni. Su kuma na ga suna shan iska a wurin da yamma.

Kawu ya fara shan kunu. Ya ƙi komawa kowane ɗaki, mun kafa mashi rumfa marar bango. Tun da na fito da shi bai yi mani magana ba, in na gaishe shi sai ya dubi wani wuri, kuma ban ga laifinshi ba.

Jiya na ɗauki diga na tafi in tone kututturan, don in na gan su zuciyata ba ta daurewa. Na fara haƙa ke nan sai na ji an riƙe ƙotar ta baya. Shi ne, ya taso da sandarshi.

Ya ce, "Bar su." Na ce Kawu, bedi ne, in na bar su tohowa za su yi, su sake rufe maka ido. Ya ce ya sani. Ya daɗe yana kallon dajin, sannan ya dube ni, karo na farko.

Ya ce, "Ba kashe su nike so ka yi ba, Masa'udu. Ara mani damina guda. In na samu barci, ka bar su su tashi."

Na aje digar. Ki zo in hanya ta buɗe, yana tambayarki.

Ɗan'uwanki,
Mas'udu